Ƙwaryar Inna da Na Wanke

Abubuwa da yawa sun same ni a zamanin ɗalibta waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa. Amma abin da ya shiga tsakanina da ƙwaryar mahaifiyata, wannan kam yana nan daram a raina, kuma na san da shi zan koma ga Mahaliccina. Shekaru sun ja, na yi iyali, furfura ta fara leƙowa a gemuna, amma har gobe idan na shiga gida na ga an kife ƙwarya a rana, sai na ji ƙafata ta kai ni na ɗauke ta na mayar inuwa, ko da kuwa gidan ba namu ba ne.

A wani ƙauye kusa da Burumburum aka haife ni, kuma ni ne ɗan fari a ɗakinmu. Saboda haka Inna ba ta kama sunana, sai dai ta ce "kai wannan", in amsa. Tun ina ƙarami ni mutum ne mai shiru-shiru da jin nauyin mutane. Idan aka aike ni gidan da na san akwai taron mata, sai na zagaya ƙofar sau biyu kafin in iya yin sallama. Littattafai su ne abokan hirata. Ina kuma da wata ɗabi'a ta tara abubuwa: kan sarki na jikin tsofaffin wasiƙu, kwabbai masu huji, har da murafen kwalba. Ba tarawar kaɗai ke yi mini daɗi ba, jerawar ce, da sa wa kowanne lamba, da sanin inda kowanne yake.

Ina shekara ta biyu a kwalejin horar da malamai a Kano wannan ɗabi'a ta sami sabon abin kamawa. Wani malaminmu na zane-zane ya kawo mana hotuna aji. Ya ɗaga guda ɗaya, hoton wata ƙwarya mai zane, ya ce, "Kun ga wannan? A cikin gilashi take a wata ƙasa, da fitila a kanta, mutane suna bin layi su kalle ta. Irinta ce kuma kakanninku suke zuba wa kaji ruwa a ciki." 'Yan aji suka yi dariya. Ni ban yi ba, domin na san gaskiya ya faɗa. Da idona na ga irinta a bayan akurkin maƙwabtanmu.

Daga wannan hutun na fara yawon kasuwannin ƙauye, daga Tudun Wada zuwa Kiru, wani lokaci har Bebeji. Lokacin roba da kwanon silba sun gama cinye gidaje, mata suna neman inda za su kai tsofaffin ƙorai. Abin da na rage daga guzurin makaranta da shi nake saya, wasu ma kyauta ake ba ni. Wahalar kawai ita ce bakin mata. Ka ga saurayi da biro a aljihu ya tsuguna yana jujjuya ƙwarya yana ƙirga layukan jikinta, ai dole a tanka masa.

"Malam, aure za ka yi ne kake haɗa wa amarya jere da kanka?"

"Ke ƙyale shi, fura zai fara kaiwa makaranta."

Sai in sunkuyar da kai, kunnuwana suna zafi, in karɓi abata in wuce. Da na koma shagona na ƙofar gida kuwa sai in zama wani mutum daban. In goge ta, in liƙa mata 'yar takarda mai lamba a gindi, in buɗe babban littafina in rubuta garin da na samo ta da abin da mai ita ta gaya mini, sannan in kwafi zanen layi bayan layi. Wata zanenta na wuƙa ne, wata na ƙarfe mai zafi, wata an cike layukan da farar ƙasa. Kafin shekara ta zagayo ina da guda ashirin da uku, a jere a kan katako.

Ba zan ɓoye ba, ban da sha'awa akwai kwaɗayi a ciki. Akwai wani Alhaji a birni mai shagon tsofaffin kaya, wanda yake sayar wa baƙi da masu manyan otal. Na taɓa kai masa biyu ya gani, ya ce mini, "Kar ka sayar yanzu, ɗan samari. Masu zanen suna ta mutuwa, ba wanda yake koyo. Ka riƙe shekara goma, abin da ke ɗakinka zai fi bijimi daraja." Na dawo gida da wannan magana kamar an ba ni sarauta. Da na gaya wa Baba, ya leƙa shagon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Sa'o'inka suna sayen ɗan rago su turke kafin layya, kai ka turke ƙwarya. To madalla. Aƙalla dai ba ta cin dusa."

Duk cikin ashirin da ukun nan babu wadda ta kama ƙafar ta Inna. Ita wannan a ragaya take rataye a kusurwar ɗakinta, kusa da inda take hura wuta lokacin sanyi. Babba ce, mai kauri, ta yi baƙi wuluk tana sheƙi. Ta kakata ce, mahaifiyar Inna. Wata ƙawarta Bafulatana daga wajen duwatsun Doguwa ce ta zana mata ita lokacin aurenta, kuma da kakata ta rasu aka raba 'yan kayanta, ita kaɗai Inna ta ce tana so. Ba a taɓa ta sai an yi haihuwa a gidanmu. Ranar suna a cikinta ake zuba wa mai jego kunun kanwa. A ciki aka zuba wa kakata ranar sunan Inna, a ciki aka zuba wa Inna ranar sunana. Bayan haka Inna takan ɗauraye ta da ruwa kaɗan, ta shafe ta da man shanu ciki da waje, ta mayar ragaya.

A hutun bazara na wannan shekarar ƙanwata ta dawo gida goyon ciki, cikinta na fari. Na san ba da daɗewa ba za a sauko da ƙwaryar, sai na ga dama ta samu. Na kwana biyu ina shirya maganar a raina kafin in iya faɗa. Na sami Inna tana tankaɗe, na tsuguna.

"Inna, da za ki ara mini ƙwaryar nan ta ragaya in kwafi zanenta a littafi."

Ta dube ni ta gefen ido. "Duk waɗanda ka tara ba su ishe ka ba?"

"Kwana biyu kawai, Inna."

Ta karkaɗe hannunta, ta shiga ta sauko da ita, ta miƙo mini da hannu biyu. "Kai wannan, ka san dai ba ta da 'yar'uwa."

Na ce na sani.

Da na kai ta shago na ajiye a bakin taga, sai na ga matsala. Zanen yana nan, amma hayaƙi da maiƙo na shekara da shekaru sun cike layukan. Ina ganin alamar zobe-zobe a kewaye da baki, da wasu ƙananan zane kamar sawun tsuntsu, amma ba na iya ƙirga su. Ni kuwa ba na iya rubuta abin da ban ƙirga ba. Na gwada tsumma, bai yi ba. Na gwada tsinke, na ga zai ɗauke ni wata guda. A raina na ce, ai datti ne. Har na fara jin daɗin yadda Inna za ta yi murna idan na mayar mata da ita fes, ta ga zanen da ƙila ita ma ta manta kamanninsa.

Washegari da hantsi na cika baho da ruwa, na zuba garin sabulu, na tsoma ta. Na bar ta ta jiƙa har azahar. Sannan na sa soso na dirje ta ciki da waje. Ruwan ya koma kamar na rini. Na canza shi sau uku. Abin da ya fito kuwa, wallahi har yau ban ga zane mai kyansa ba. Zobe tara ne a jere, kowanne da irin nasa ado, a gindi kuma ga wani zane kamar rana mai ƙafafu goma sha shida, kowane layi siriri kamar da allura aka ja shi. Na tsaya ina kallo bakina a buɗe. Ɗokin in fara kwafa ya hana ni haƙurin ta bushe a inuwa. Na taka turmi na kife ta a kan kwanon shagon, a tsakiyar ranar bazara, na ce minti kaɗan. Na koma ciki na ɗauki wani littafi da nake karantawa don in rage lokaci.

Wanda ya san ni ya san abin da ya biyo baya. Ban ɗago ba sai da na ji wata 'yar ƙara a saman kaina, ƙas, kamar an karya kara. Ana kiran la'asar lokacin. Na fita da gudu na taka turmin. Ƙwaryar ta yi fari fat, ta yi zafi kamar an ciro ta daga wuta, ga tsaga ta taso daga baki ta ratsa zoben nan tara ta gangara har kusa da gindi. Abin da ya shekara fiye da hamsin yana wucewa daga hannu zuwa hannu ko ƙwarzane babu, ni na gama da shi a yini ɗaya.

Na naɗe ta a tsohuwar rigata na tura ƙarƙashin gado. Da dare ban iya cin tuwo ba. Kwana biyu bayan haka, tun ban gama tunanin yadda zan yi ba, guɗa ta tashi a cikin gida. Ƙanwata ta sauka lafiya, an sami mace. Ina tsaye a tsakar gida ana ta barka, Inna ta wuce da tukunyar ruwan zafi, fuskarta cike da fara'a, ta ce, "Kai wannan, ka zama kawu. Sai ka dawo mini da ƙwaryata kafin suna."

Na ce, "To, Inna."

Wannan "to" ɗin ita ce kuskurena na biyu, kuma yanzu da nake tunani ta fi na farko muni. Da na buɗe baki a wurin na faɗi gaskiya, da an wuce wurin. Amma mai jin nauyi yakan gwammace ya zagaya duniya da ya faɗi kalma huɗu. Ina da kwana bakwai.

Da sassafe na ce zan je makaranta duba sakamako, na sa ƙwaryar a jaka na shiga motar Kano. Wurin Alhajin nan na nufa. Da na warware rigar ya gani, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya daɗe yana jujjuya ta.

"Wa ya wanke ta?"

"Ni ne, Alhaji."

"Innalillahi. Ɗan samari, ka san abin da ka zubar a kwata? Baƙin nan shi masu saye suke nema. Shi ne shaidar shekarunta. Da ka kawo mini ita yadda take, ita kaɗai ta fi duk sauran naka."

Na gaya masa ba ta sayarwa ba ce, na ba shi labarin sunan. Ya yi ɗan murmushi, ya shiga ciki ya fito da wata ƙwarya baƙa, kusan girmansu ɗaya. Ya ce in bar masa fasasshiyar, yana da mai liƙe masa da gam ya shafa mata launi, ba mai ganewa. Ni kuma in tafi da wannan, ya ƙara mini da abin da zai ishe ni sauran karatuna. "Tsohuwa ce fa," in ji shi. "Baƙar ƙwarya ta ba ka, baƙar ƙwarya ka mayar mata. Ranar suna wa yake da lokacin duba zane?"

Ina so in ce tsoron Allah ne ya hana ni, amma ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Na karɓi ƙwaryar tasa, na riƙe, har na ji sanyi a raina. Sai idona ya fara aikin da ya saba. Na ƙirga zoben bakinta, bakwai ne. Ta Inna tara. Na san ko ba wanda ya lura, ni zan riƙa ganin biyun nan da suka ɓace duk ranar da aka yi haihuwa a gidanmu har ƙarshen rayuwata. Na ajiye masa abarsa, na naɗe tawa. Ina fita ya ɗaga murya ya ce, "To in ka ƙi, sai ka nemi gyartai, in akwai sauran mai rai."

Gyartai shi ne mai ɗinkin ƙwarya. Muna yara yakan ratsa ƙauyenmu da 'yar jakarsa ta fata, mata su fito masa da fasassun ƙorai. Na yi shekara fiye da goma ban ga ko ɗaya ba, kuma ban taɓa lura da cewa sun daina zuwa ba sai ranar.

Na sauka a Kwanar Ɗangora na fara tambaya. Ni da ba na iya tambayar hanya, sai ga ni ina tsayar da dattawa ina gaishe su ina cewa, don Allah ko akwai gyartai a nan kusa? Aka tura ni Kiru. A can aka nuna mini wata rumfa, na tarar da wani magidanci yana liƙin bokitin roba da wuƙa mai zafi. Ya ce mahaifinsa ne gyartan, ya rasu, shi bai koya ba. "Wa zai kawo maka ƙwarya yanzu? In kana so in ɗiga mata roba." Na rungume jakata na ce a'a, na gode. Ya ce in gwada Ɗansoshiya, akwai wani tsohon gyartai a can. Washegari na sake fita, na ce wa Inna sakamakon bai fito ba. A Ɗansoshiya na sami tsohon, amma idonsa ya tafi, jikarsa ce take jan sa zuwa masallaci. Ya shafa tsagar da yatsa, ya girgiza kai, ya ce da shekara biyar baya ne, da ya ɗinke mini. Shi ne ya ce mini, "Je ka inda Fulani suke. Inda ake tatsar nono ƙwarya ba ta mutu ba. Ka bi Doguwa."

Ana gobe suna na kama hanyar Doguwa tun da sassafe. A gida Inna ta riga ta tambaye ni sau biyu, ina cewa saura kaɗan in gama kwafa. Motar ta ratsa dajin Falgore, ni ina zaune a baya da jaka a cinya, duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar tsagar ta ƙaru. Daga Doguwa wani mai babur ya ɗauke ni muka bi hanyar daji zuwa wata 'yar kasuwa a gindin dutse. A ƙarshen kasuwar, ƙarƙashin tsamiya, na gan shi. Tsoho ne siriri da hula ta koɗe, yana zaune a kan buzu, ga ɗan kasko da garwashi a gefensa, ga kaba a jiƙe cikin ruwa. Matan Fulani uku suna zaune a gabansa da ƙoransu, suna ta zolayarsa yana ramawa.

Na gaishe shi, na tsuguna, na warware rigar. Hirar ta tsaya cak. Ɗaya daga cikin matan, wata dattijuwa, ta matso ta leƙa zanen, ta yi wa 'yan'uwanta magana da Fulatanci, sannan ta ce mini, "Wannan hannun mutanenmu ne. Irin na da. Yanzu ba mai yi."

Tsohon ya ɗauki ƙwaryar ya ƙwanƙwasa ta da farce kusa da kunnensa.

"Wa ya yi mata wanka?"

"Ni ne, Baba."

"Da me?"

"Da garin sabulu. Da soso."

"Ka shanya ta a ina?"

Na ce, "A kan kwano."

Matan suka kwashe da salati, ɗaya ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. Tsohon ya dubi biron da ke aljihuna.

"Aji nawa kake a boko?"

"Ina kwaleji, Baba."

"Kwaleji. To a can ba a gaya muku ba? Wannan baƙin da ka kankare shi yake riƙe da ita. Duk shafar man da aka yi mata yana shiga jikinta, hayaƙi ya bi ya rufe. Shi ya hana ta bushewa, shi ya hana ƙwaro cin ta. Ka tuɓe wa tsohuwa riga, ka jiƙa ta, ka kwantar da ita a rana. Ni ma aka yi mini haka tsagewa zan yi."

Dattijuwar ta ce, "Kai ai ka riga ka tsage, ɗinke ka kawai ba a yi ba."

"Ke bari in gama da yaron kirki, zan dawo kanki."

Ya sa matan suka yi mini haƙuri ya fara da tawa. Na zauna na ga aikin da ban taɓa ganin irinsa ba. Ya fara huda wani ɗan rami a daidai inda tsagar ta tsaya, ya ce don kar ta ci gaba. Sannan ya riƙa sa wani siririn ƙarfe mai tsini a garwashi, yana huda ƙananan ramuka bibbiyu a gefe da gefen tsagar. Abin da ya ba ni mamaki, bai huda ko ɗaya a kan layin zanen ba, sai a tsakaninsu. Ya tsaga kaba siri-siri, ya murza a cinyarsa, ya riƙa zurawa yana ja a hankali, bakin tsagar yana haɗuwa kaɗan-kaɗan har zoben nan tara suka koma suka gamu, kowanne da ɗan'uwansa. Bai yi sauri ba, bai kuma daina hira ba. Ya gama bayan azahar. Ya zuba ruwa a ciki ya ɗaga. Ɗigo uku suka fito, sannan kabar ta kumbura, ruwan ya tsaya.

Sai dai ga ɗinkin nan a fili, kamar sawun tururuwa a kan farin jikinta. Na tattara ƙarfin halina na ce, "Baba, ko akwai yadda za a yi ta koma baƙa? Yadda ɗinkin zai ɓuya?"

"Akwai. A turara ta da ɗanyen kara, a shafa mata baƙin tukunya. Wa za a ruɗa?"

Kafin in amsa ya ƙara da wata tambayar.

"Mai ita tana da rai?"

"Mahaifiyata ce."

Ya ajiye ƙarfen hannunsa. "Yaro, ni ɗinki na iya. Matar da ta shekara ashirin tana shafa abu da tafin hannunta, ko idonta a rufe ka miƙa mata ta san nata. In ka shafa mata baƙin tukunya, ka fasa mata ƙwarya, ka kuma raina mata hankali. Guda ɗaya ya isa. Kai mata yadda take."

Jajiberin suna da yamma na iso gida. Tsakar gida cike da mata, ana daka, ana jiƙa gero, ana gyaran kayan miya. Na tsaya a zaure har sai da na ga Inna ta zagaya bayan rumbu ita kaɗai ɗebo itace. Na bi ta, na durƙusa, na warware rigar na miƙa mata. Ban san yadda aka yi ba, maganar da na kasa faɗa kwana bakwai ta fito gaba ɗaya, har da zuwana wurin Alhaji, har da ƙaryar sakamako.

Ba ta katse ni ba. Ta ajiye itacen, ta goge hannunta a zani, ta karɓa. Ta bi ɗinkin da babban yatsanta tun daga baki har gindi.

"Wanda ya yi wannan ya iya," in ji ta.

Ta juya ta, ta kalli zanen gindin. "Ashe haka yake. Rabona da ganinsa tun ina yarinya."

Har na fara jin numfashina yana dawowa. Sai ta ɗaga ƙwaryar da hannu biyu ta kifa fuskarta a ciki. Ta daɗe a haka. Ina jin ƙarar taɓarya daga tsakar gida, da kukan jaririyar. Da ta sauke, idonta a bushe yake, muryarta kuma ba ta canza ba.

"Fashewa ba komai ba ce, kai wannan. Ƙwarya takan fashe." Ta shafa bakin ƙwaryar. "Da can, idan abu ya dame ni, nakan sauko da ita in sa hancina. Ɗakin tsohuwata nake ji. Hayaƙinta, da man da take shafawa. Yanzu sabulu nake ji."

Da ta zage ni, ko ta ɗaga itacen nan ta buga mini, da na fi samun sauƙi. Ban taɓa sanin tana yin haka ba. Ina da shafi guda a littafina da na tanada don wannan ƙwarya, da wurin rubuta faɗinta da zurfinta da yawan zobenta, amma ban taɓa tambayar mai ita me take ajiye da shi a ciki ba.

Ta ce, "Tashi ka je ka ci abinci, ka yi baƙi kamar ba ɗana ba."

Washegari aka raɗa suna. Aka zuba wa ƙanwata kunu a cikin ƙwaryar, fara da ɗinkinta, ko ɗigo bai zuba ba. Mata suka yi ta tambaya, Inna ta ce musu tsufa ne ya taɓa ta aka kai ta asibiti, aka yi dariya, ba ta ambace ni ba. Da taro ya watse na hango ta a bakin ƙofar ɗaki da ɗan kwanon man shanu. Ta lakato ta shafa, sannan ta kamo hannun ƙanwata ta lakata mata ita ma. Na ji tana cewa, "Shafa sosai. Sai mu sake farawa."

Ƙoraina suna nan har yau, sun ma ƙaru, kuma ban sayar da ko ɗaya ba, ban sani ba ko sun kai bijimin. Inna ta rasu shekarun baya, Allah ya jiƙanta. Ƙwaryar tana ɗakin ƙanwata a ragaya, ta sha sunaye da yawa tun daga lokacin, ta yi duhu har sai ka lura za ka ga ɗinkin. Kwanaki na je gaishe ta, muna hira ta ce mini, "Yaya, ka san wani abu? In na sa hancina a ciki, ɗakin Inna nake ji." Ta tashi za ta sauko mini da ita. Na ce ta bar ta a inda take.

Abin da na koya shi ne, tsohon abu ba zanensa kaɗai ne darajarsa ba, har da hannayen da suka bi ta kansa, kuma abin da baƙon ido yake gani datti, wataƙila shi ne dukan abin da mai shi yake adanawa. Tun daga ranar, duk abin da ya zo hannuna, ƙwarya ce ko littafi ko amanar mutum, kafin in ce zan gyara sai na fara zama na tambayi mai shi. In kuma na yi ɓarna, a ranar nake faɗa.